Kifin Tiga da Bashin da Ke Kanmu

Allah bai ba Kano teku ba. Mutumin Legas in zafi ya dame shi sai ya nufi Epe ko Badagry, ya sha iskar ruwa, ya sayo kifi ya dawo gida kafin dare. Mu kuwa abin da muke da shi mafi kusa da haka shi ne Tiga, kuma abin mamaki, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka haddace sunayen tekunan duniya domin jarrabawa ba su taɓa ganin wannan ruwa ba, alhali tafiyar ba ta kai ta sa'a biyu ba.

A bazarar bana na kwashi yaran gidanmu daga Tudun Murtala bayan sallar asuba. Muka bi hanyar Zariya, muka wuce Kura da gonakinta na rani kore shar, muka karkata ta Bagauda. Da hantsi muna bakin ruwa. Masunta na dawowa cikin kwale-kwale, wasu na warware kalli, wasu na zazzage gura, dillalai na tsaye suna taya karfasa da tarwaɗa tun kafin a sauke su. Can gefe hayaƙin banda na tashi. Mun ci soyayyen kifi da yaji a gindin bishiya, kuma duk wanda ya saba da kifin ƙanƙara na kwali zai san akwai bambanci tun daga lomar farko.

Sai dai wannan ruwa ba daga sama ya faɗo nan ba. Gwamnatin Audu Bako ce ta tare Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka sami tafkin da ke ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogunan nan biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke gangarawa Jigawa da Yobe har ya nufi Tafkin Chadi. Abin da muka tare a nan, wani ne a can ya rasa shi.

Kafin madatsun, kowace damina kogin kan cika ya malale dausayin Haɗeja da Nguru. A cikin wannan malala kifi ke hayayyafa. In ruwa ya janye, manomi ya shuka a danshin da ya bari, makiyayi ya sami ciyawa, masunci ya kama abin da ya taru a kududdufai. Rayuwar mutanen ta ginu ne a kan cikowa da janyewa. Madatsa kuwa sai ta rage ambaliyar damina, ta kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan da rani domin noman Kadawa da ruwan shan birni. Ruwan da ba ya cika sosai kuma ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachala ke so. Ta mamaye magudanai, ta toshe hanyar kwale-kwale, ta karkatar da ruwa zuwa gonakin da ba sa bukatarsa, ta hana shi isa inda ake jiransa. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke fakewa, su fito su cinye shinkafa da gero. Wannan fa wurin da duniya ta san darajarsa ne: tun shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin Ramsar, na farko a Nijeriya.

Ba ina cewa Audu Bako ya yi kuskure ba. Tumatirin Kura da shinkafarta, da ruwan da ake tacewa a Tamburawa, duk albarkar Tiga ce, kuma birni mai yawan jama'a irin namu ba zai rayu da rijiyoyi kaɗai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirun da muke yi. Mukan tuna da mutanen ƙasa da mu ne kawai in an yi ambaliya ana zargin an buɗe dam.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da makullin ruwan nan. Ya kamata ta riƙa bayyana wa jama'a, a rediyo kuma da Hausa, yaushe za ta saki ruwa, nawa za ta saki, kuma saboda wa. A zauna da sarakunan ruwa na Haɗeja da Nguru da Gashuwa kafin a tsara jadawalin, domin su ne suka san watan da kifi ke ƙwai. Yanke kachala da injuna yana da amfani, amma muddin ba a sauya yadda ake sakin ruwan ba, za ta sake tsirowa kafin a gama biyan ɗan kwangila.