RA'AYI: Masu Tafa Wa Scar A Oyingbo, Da Abin Da Tafin Nasu Ke Faɗa Mana

A watan Janairun 2023 ne manhajar Netflix ta saki Shanty Town, shiri mai dogon zango kashi shida wanda aka gina a kan wata unguwar marasa galihu a Legas, inda wani uban daba mai suna Scar ke juya safarar miyagun ƙwayoyi da karuwanci a ƙarƙashin inuwar wani babban ɗan siyasa. Chidi Mokeme ne ya fito a matsayin Scar, Richard Mofe-Damijo kuma ya hau kujerar ubangidan nasa, Cif Fernandez. Akwai Ini Edo da Nse Ikpe-Etim, akwai kuma namu, Ali Nuhu, wanda ganin sunansa a jerin 'yan wasa kaɗai ya isa ya ja Bahaushen da ba ya bibiyar finafinan Kudu ya leƙa.

Mafi yawan matasanmu da ke neman abinci a Oyingbo, Agege, Idi-Araba da Mile 12 ba su da rajistar Netflix, ba su kuma bukatarta. Shagon mai cajin waya da tura finafinai shi ne silimarsu. Da 'yan canji kaɗan ake zuba wa mutum shiri sukutum a waya, ya kalla da dare bayan an tashi daga kasuwa, mutum huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan allo guda a teburin mai shayi. Ta wannan hanya Narcos ya shigo a baya da labarin Pablo Escobar, ta nan Shanty Town ya biyo, ta nan kuma finafinan daba na gida irin su A Duniya na Tijjani Asase ke isowa daga Kano.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne yadda 'yan kallo suka karɓi waɗannan shirye-shirye, domin a nan darasin yake. Duk wanda ya zauna a majalisar matasa ya san cewa ba a cika hirar matan da Scar ya bautar ba, ba a kuma tuna jami'an da ke farautarsa. Hirar ta bos ce: tafiyarsa, dariyarsa, yadda yake shiga wuri kowa ya kama kansa. Ana yanko maganganunsa a ɗora a TikTok, ana sanya hotonsa a fuskar WhatsApp, kuma da wuya ka rasa wani yaro a layin 'yan dako da abokansa suka laƙaba wa Scar ko Pablo, shi kuma yana amsawa da fara'a. Haka aka yi da Daddy Hikima, wanda sunan Abale ya danne sunansa na yanka a bakin masoyansa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dattawa da malamai da iyaye, waɗanda wannan tafi ke tayar wa da hankali. Hujjarsu a fili take: yaro abin da ya gani shi yake kwaikwayo, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganin da suke nema shi ne a hana irin waɗannan finafinai baki ɗaya. Damuwar tasu gaskiya ce, amma a ganina maganin ya kauce wa ciwon, kamar yadda tafin matasan ya kauce wa labarin.

Mu fara da matasan. Son bos ba sabon abu ba ne a wurin ɗan kallon Bahaushe. Tun zamanin silimun Kano da finafinan Indiya, ana fita daga kallo ana yabon mugu idan ya iya muguntarsa, ba tare da an koma gida an zama shi ba. Hasali ma tatsuniyoyinmu cike suke da Gizo, maƙaryaci mai wayo wanda yara ke so fiye da Ƙoƙi mai haƙuri. Kuma gaskiya Chidi Mokeme ya yi wasan da ya cancanci yabo. Sai dai akwai wani abu da ya wuce jin daɗin wasa. Yaron da ya baro ƙauyensu a Zamfara ko Jigawa ya zo ci-rani, yana kwana a rumfar kasuwa, ɗan tasha ya karɓi kuɗinsa da safe, jami'i ya tare shi da rana, tun daga Yunin 2022 kuma an hana shi acaɓa a manyan ƙananan hukumomin jihar, wannan yaro idan ya ga mutumin da ya taso daga kwata ya zama wanda ba mai iya taka shi, dole zuciyarsa ta motsa. Abin da yake tafa wa shi ne mutuncin da ya rasa, ƙwayar kuma ta biyo baya a matsayin hanyar da fim ya nuna masa ana samun wannan mutunci.

A nan ne haɗarin yake, domin fim ya nuna masa saman bishiya alhali shi a gindinta yake zaune. Kasuwar ƙwaya da mazaunin Oyingbo ya sani ba ta da gidan sama ko motoci masu baƙin gilashi. Ƙwayar tiramol ce da ɗan dako ke haɗiya da asuba don ya iya sauke buhunan da suka fi ƙarfin bayansa, sai jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa. Kwalbar kodin ce da ake juyewa a cikin lemo. Wiwi ce da sholisho a bayan layin dogo. Ƙarshenta kuma ba harbe-harbe mai kiɗa a baya ba ne: farfaɗiya ce a tsakiyar kasuwa, ko ciwon ƙoda, ko a sa yaro a motar kaya a mayar wa uwarsa shi a ɗaure, bayan shekara uku tana jiran ya aiko da kuɗin taki.

Alƙaluma sun nuna girman lamarin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin 100. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi irin su tiramol suka sha ba bisa umarnin likita ba. Ɗaya cikin kowane mutum huɗu mace ce. Yankin Kudu maso Yamma ne ke kan gaba da kashi 22.4, Arewa maso Yamma kuma na da kashi 12. Wannan ya isa amsa ga masu ɗora wa unguwannin Hausawa laifin ƙwaya a Legas duk lokacin da aka tashi rusau, amma bai wanke mu ba, domin kowa ya san abin da ake sayarwa a wasu lunguna namu, ya kuma san mai sayarwa.

Da matasan za su sake kallon shirin da idon basira, da sun ga inda aka ajiye su a cikinsa. Ba su ne Scar ba. Su ne yaran da ke tsaye a bayansa, waɗanda ba a ba su suna ba, waɗanda ake harbewa a minti guda labari ya ci gaba ba tare da an yi zaman makokinsu ba. Shi kansa Scar ɗin, da duk kurinsa, bara ne a gaban Cif Fernandez, kuma ƙarshensa bai yi kyau ba. Wannan shi ne mafi gaskiyar abin da Shanty Town ya faɗa, shi ne kuma abin da ba a yankowa a ɗora a TikTok.

Rayuwa ta tabbatar da hakan fiye da fim. Tiramol ba a Agege ake yin ta ba. A kwantena take shigowa ta tashoshin jiragen ruwa, kuma daga Apapa zuwa Oyingbo ba wata tafiya ba ce. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke haɗa ƙwayoyi masu sa maye yana turowa Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta haramta haɗin. A Satumban 2022 hukumar NDLEA ta kama hodar iblis tan 1.8 a wani ɗakin ajiya a Ikorodu. A Fabrairun wannan shekarar ta 2022 hukumar ta tsare DCP Abba Kyari, ɗan sandan da ya yi suna a Legas har ake yi masa kirari, ta gurfanar da shi bisa zargin hannu a cinikin hodar iblis, zargin da ya musanta. Kowa ya dubi waɗannan ya san cewa mai jarin wannan kasuwa ba ya kwana a rumfa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu koma kan masu neman a hana. An gwada. A Satumban 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, ta haramta finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Ikon hukumar bai wuce iyakar Kano ba, bai kai YouTube ba, balle shagon tura finafinai a Ebute Metta. Abin da irin wannan doka ke iya yi kawai shi ne ta ɗaure hannun marubucin gida, wanda ya san harshen yaran da halin iyayensu, ta bar filin ga Escobar da Scar. Tsanani ma an gwada shi a kan masu safarar kansu: a Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas a kan laifin ƙwaya, bayan shekara huɗu kuma sai da aka kafa NDLEA domin kasuwar ba ta mutu ba.

A gefe guda, mun ga abin da nunawa ke iya yi. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki binciken Sweet Sweet Codeine, wanda ya nuna matasa a ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Kano, ya kuma nuna ma'aikatan kamfanonin magani na sayar da kodin ta bayan fage. Kafin a kwana biyu Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An daɗe ana wa'azi a kan matsalar, amma sai da kyamara ta haska fuskar wanda abin ya cinye sannan hukuma ta motsa. Ashe tambayar ita ce ta wane ɓangare aka ajiye kyamarar.

Mutanen Medellin a ƙasar Kolombiya sun fuskanci irin wannan. An kashe Escobar a kan rufin wani gida a ranar 2 ga Disamban 1993, amma bayan fitowar Narcos a 2015 sai baƙi suka riƙa tururuwa suna ɗaukar hoto a gaban gidansa, suna sayen riguna masu fuskarsa, a ƙasar da har yanzu akwai marayun da ya bari, ciki har da iyalan mutum 107 da suka mutu a jirgin saman da yaransa suka dasa wa bam a 1989. Hukumomin birnin ba su iya hana kallon shirin ba. A Fabrairun 2019 sai suka rushe ginin Monaco, inda ya taɓa zama, suka mayar da wurin dandalin tunawa da waɗanda aka kashe. Sun fahimci cewa labari da labari ake kayar da shi.

Wannan shi ne aikin da ke gabanmu. Marubutan Kannywood da tashoshi irin su Arewa24, wadda shirinta Daɗin Kowa ya daɗe yana taɓo matsalolin gida, suna da labarin da ba wanda ya rubuta tukuna: na ɗan ci-rani a Ikko, daga ranar da ya hau tirela a Gusau zuwa ranar da ya fara haɗiyar ƙwaya don aiki, da mai kemis ɗin da ke ba shi bashi, da uwar da ke jiran kiran waya. A rubuta shi da ƙwarewar da za ta sa a so wannan yaro kamar yadda ake son Abale, kada a mayar da shi huɗubar da ake kashe waya idan an fara. Hukumomin tace finafinai su daina tsoron a nuna ƙwaya, su tsaya a kan cewa duk wanda ya nuna daɗinta ya nuna kuɗin da ake biya.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Agege, Oyingbo da Mile 12 su ma suna da rawar takawa. Majalisar da ake hirar Scar ita ce wurin da ya fi dacewa a zauna da yaran, a tambaye su wane ne ya ci riba a ƙarshen shirin, maimakon a kore su da tsawa. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, ya san waɗannan unguwanni. Abin da suke bukata daga hukumarsa bayan samame shi ne wuraren jinya da masu ba da shawara da ke jin Hausa, domin yaron da aka kama da ƙwaya biyu a aljihu ya fi bukatar likita a kan kurkuku.

Su kuma matasa, ba wanda zai hana su yaba wa ɗan wasan da ya iya aikinsa. Chidi Mokeme ya wanke tabon da aka zana masa ya koma gida wurin iyalinsa. Wanda ya kwaikwaye shi a bayan layin dogo shi ne zai zauna da nasa tabon. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma ba shugabanninmu ƙarfin halin bin ƙwayar har inda ta fito.