A Ɗaura wa Keken Ƙungiya Roba Kafin Ruwa Ya Zauna

'Yan'uwa manoma, maganar da zan yi a kan laka ce, kuma na san wani zai ce wannan ba abin ɓata takarda ba ne. To, a yi haƙuri a ji.

Babur mai ƙafa uku ya daɗe da shigowa ƙasarmu. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin NAPEP a 2001, daga nan ne aka sami sunan keke Napep, mutanen Kano kuwa suna ce masa A Daidaita Sahu. Iri biyu muke gani. Akwai na fasinja, irin su Bajaj da TVS, wanda injinsa ke baya. Akwai kuma na kaya mai bodin ƙarfe, wanda gabansa babur ne sosai, injin na bayan tayar gaba. Wannan na biyu shi ne ƙungiyoyin gama kai suka fi sha'awa, domin ya ɗebi abin da jakuna da yawa ba su ɗiba ba.

Amma fa a lura da abu guda. Mai babur sawu ɗaya yake bi, yana iya kauce wa kududdufi. Keke sawu uku yake yi. In tayar gaba ta tsira, ɗaya daga na baya sai ta faɗa. Daga watan Yuni zuwa Satumba, balle Agusta, wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu na Fakku da Kuchi da Margai kafin ya hau kwalta ya nufi Tambuwal, ya san ba a kauce wa taɓo, sai dai a shiga. Taya kuwa duk abin da ta taka sai ta ɗago shi ta watsa. Ta gaba tana watsa wa injin da ƙafafun direba, na baya suna watsa wa kaya da mutanen gefen hanya.

Ina asarar take? Ku dubi takin zamani. Yuriya ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, in buhu ya sha feshin laka a hanya, sai ta narke ko ta dunƙule. Buhu mai kilo 50 da aka saya da bashin ƙungiya, a sauke shi ya zama dutse, wa zai biya? Masara da gyaɗa in sun jiƙa aka jibge su haka nan, sai su yi fumfuna, kuma irin wannan fumfuna tana iya haifar da guba mai lahanta hanta, ga mutum da kaji duka. Injin ma bai tsira ba. Ruwa ya taɓa fulogi keke ya mutu a tsakiyar daji, yashi ya shiga birki ya cinye shi, laka ta bushe a jikin injin ta hana shi shan iska.

Maganin ba na kanti ba ne. A je wurin mai faci a sami tsohuwar taya ko roba mai kauri, a yanka falle uku, kowanne ya ɗan fi tayar faɗi. A ɗaura ɗaya a ƙarshen murfin tayar gaba, biyu a bayan tayoyin baya, da noti, ba da igiya ko waya ba. A auna tsawon lokacin da keke ke ɗauke da kaya, a bar kamar yatsu 4 tsakanin roba da ƙasa. In ta yi gajarta ba ta tare komai. In ta yi tsawo, ranar da direba ya ja da baya taya za ta take ta ta fizge. Wani kuskure kuma da masu walda kan yi shi ne matse murfi kusa da taya domin ya yi kyaun gani. Lakar fadama yumɓu ce, sai ta cushe a wurin har taya ta ƙi juyawa. A bar mata sarari. Bodin kuma in akwai ɓula a ƙasansa a toshe, a jera katako a ɗora buhuna a kai, a rufe da tamfol a ɗaure.

Duk da haka roba rabin magana ce. Sauran rabin gudu ne. Keken da ya shiga ruwa a hankali ƙafarsa kaɗai yake jiƙawa, wanda ya shiga a guje kuwa sai ya wanke mai tallar nono da 'yan makaranta. A nan ne nake ganin laifin namu ne, mu shugabannin ƙungiya. In muna biyan direba bisa yawan sawun da ya yi a yini, mu muka ce masa ya yi gudu. A damina a biya shi na yini, a kuma gaya masa in ya fito daga ruwa ya ɗan taka birki sau biyu ko uku yana tafiya a hankali, domin ya bushe kafin a buƙace shi.

Na san za a ce gyaran hanya shi ne magani, kuma aikin hukuma ne. Gaskiya ne, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su haɗa kai su rubuta wa Ƙaramar Hukumar Kebbe. Amma takarda tana iya kwana a ofis, taki kuwa ba ya jiran amsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane sawu da tsada ake yinsa, bai kamata a sauke jiƙaƙƙen kaya a ƙarshensa ba.

Shawarata ita ce a taron ƙungiya na gaba a rubuta a littafi cewa keke ba zai fita da damina ba sai da roba uku da tamfol, kuɗin kuwa ma'aji ya fitar daga asusu, kada a bar wa direba.