Digirin Kwatano da Yaron Bakin Iyaka

'Yan'uwana ɗalibai, in aka ce wane ya tafi karatu ƙasar waje, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jirgin sama da sanyin Ingila. Amma mu mutanen Matsinkai da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, ƙasar waje tana ƙofar gidanmu ne. Daga Tsamiya mutum ya hau babur sai ga shi a Segbana, cikin Jamhuriyar Benin. Ingila da Faransa ne suka ja wannan layi a 1898, sa'ad da suka raba ƙasar Bargu biyu, bai kuwa hana auratayya da cin kasuwa ba. Don haka zancen karatu a Benin ya shafe mu ƙwarai.

A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, bai shiga aji ba, bai ko ƙetare iyaka ba. Ran 2 ga Janairu 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce fiye da mutum 21,000 ne ke riƙe da takardun jabu na Benin, kuma jami'o'i 5 kaɗai aka yarda da su a can. Tun daga nan "digirin Kwatano" ya zama abin gori.

Wanda ya sayi takarda ba ni da ta cewa a kansa, ya girbi abin da ya shuka. Wanda ya dame ni shi ne yaron da ya tafi da zuciya ɗaya. Yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 ya gajiyar da shi, tsohonsa ya sayar da shanu da buhunan shinkafa, naira kuma ta yi ta faɗuwa gaban sefa tun daga 2023. Ya zauna shekara 3 a wani benen haya da aka liƙa wa allon jami'a, abokan ajinsa 'yan Nijeriya, malamansa 'yan Nijeriya, lacca da Ingilishi. Ga shi ya dawo, alhali kuwa ko cinikin yadi ba ya iya yi da Faransanci a kasuwar Dantokpa. Ko da takardarsa ta gaskiya ce, ni a ganina an cuce shi. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya sa wa littafinsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi, gama ya zauna da mutanen ƙasar ya ga yadda suke tafiyar da al'amuransu. Shi wannan yaro jikinsa ne kawai ya ƙetare iyaka.

Abin takaici, motar da ta ɗauke shi daga Kandi zuwa Kwatano ta ratsa Parakou, inda akwai jami'ar gwamnati tun 2001, tana kuwa cikin biyar ɗin nan. Ya wuce ta ne don da Faransanci ake koyarwa a can. To, ai wannan Faransancin shi ne ribar tafiyar! Ɗan kwastan a Tsamiya, da ma'aikacin lafiya mai bin rigakafi ƙauyukan iyaka, da falken albasa, kowannensu yakan tsaya cak in jandarma ya miƙo takarda. Hausa da Dandanci suna biyan bukatar kasuwa, amma ofis da kotu da asibitin Benin da na Nijar ba sa rubutu da su.

Na san za a ce koyon harshen zai ci wa yaro shekara guda. Haka ne, amma yajin aiki ya ci kusan haka bai bar masa komai ba. Ina ganin ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kebbi ta ware wasu gurabe don 'ya'yan Bagudo da Dandi su tafi Parakou. Ku kuma 'yan'uwa da kuka riga mu kama aiki a Ma'aikatar Ilmi a Birnin Kebbi, don Allah ku buɗe fayil ku ƙidaya mana malaman Faransanci nawa aka tura makarantun sakandaren waɗannan ƙananan hukumomi biyu.