A daina fakewa da ƙaddara a kan jinin magina

Duk wanda ya zaga Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san ƙasar nan tana gini. Bukin ran 18 ga watan Disamba da aka riƙa kewayawa da shi jiha jiha ya bar mana Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, da Zinder Sabuwa a 2018. A 2019 an yi wa Yamai sababbin otel da gyaran filin jirgin sama domin taron Tarayyar Afirka na watan Yuli. Ranar buɗe irin waɗannan ayyuka akan yanke ƙyalle, a karanta miliyoyin da aka kashe, a yaba wa minista, a yaba wa ɗan kwangila. Shi kuwa wanda ya hau tsani da kwanon kankare bisa kansa, jawabi ba ya biyowa ta kansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

To, yau ta kan wannan bawan Allah za mu bi, kuma da ku muke magana, ƴan kasuwa masu sa a yi gini da ma'aikatan gwamnati masu sa hannu a takarda.

Yadda magini ke rasa ransa ba asiri ba ne. Ana kafa masa dandamali da ragowar katako da ƙusa biyu a hawa na uku, babu shinge, babu igiya a ƙugu. Ana sa shi ya ɗaga doguwar sandar ƙarfe dab da wayar lantarki. Ana tura shi ramin shadda ko na tushen gini cikin rairayi, ba a tokare bangon ramin ba, ƙasa ta rufto masa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma don gaggawar mai gida da ƙyashin kuɗin hayar katako sai a zare matokarai tun rufin yana ɗanye, mutane suna ƙarƙashi. Ga siminti da ke cin fatar hannu da ƙafa, ga ƙura da ke taruwa a huhu, ga buhu mai kilo 50 a kafaɗa cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta ƙiyasta tun a 2005 cewa mutum 60.000 ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini na duniya, wato mutum guda kowane minti goma.

In abin ya auku, kalma guda ake jefa wa iyali: ƙaddara. A kawo buhun shinkafa da ƴan jikkuna wajen zaman makoki, a yi addu'a, a watse, washegari wani ya hau katakon nan da ya karye. Babu mai musun cewa rai da ajali na hannun Allah. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali yana ɗauke wa mutum wajibin yin hattara ba, kuma shari'a ta san diyya a kan ran da sakaci ya salwantar. Mutumen da ke sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku da mai gadi a kantinsa bai bar haja ga ƙaddara ba. Don me sai ran lebura yake bar mata?

Kada wani ya ce babu doka. Akwai ta, har ta yi yawa a takarda. Asusun kula da ma'aikata, CNSS, wanda kowa ke kira Kes, yana nan tun 1965, kuma cikin aikinsa akwai haɗarin wurin aiki: kuɗin magani, kuɗin kwanakin jinya, fansho ga wanda ya naƙasa, da wani abu ga matar mamaci da marayunsa. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga watan Satumba na 2012, wadda ta gaji ta 1996, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa. Ta ce inda ma'aikata suka kai goma a kafa kwamitin kula da lafiya da kariya. Doka ta ce in haɗari ya faru a sanar da hukuma cikin awa 48. A 2009 Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyoyin OIT masu lamba 155, 161 da 187, dukansu a kan wannan batu. Kuma a idon doka, wanda ake biya kullum da yamma ma'aikaci ne kamar mai albashin wata.

To nawa ne kuɗin da ake gudu? Mu yi lissafi, tun da masu karatunmu mutanen lissafi ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30.047 zuwa jika 42. Kason da mai ba da aiki ke zuba wa Kes domin haɗarin aiki kashi 1,75 ne cikin 100, wato sefa 735 a wata a kan wannan albashi, dala 147 ke nan. In an haɗa da kason iyali da na fansho, abin ya tasam ma jika 7. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rushe dubban gidaje har da tsohon masallacin Birni na Damagaram, gwamnati ta rage kuɗin siminti, tan guda ya dawo jika 55 a Yamai, wato buhu sefa 2.750. Ashe ke nan kare mutum da iyalinsa wata guda cur bai kai kuɗin buhun siminti uku ba. Alhajin da ke sauke tirela guda a ƙofar fili shi ne zai ce wannan ya fi ƙarfinsa?

Dabarar da ake yi sananniya ce. Mai gini ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanka aikin ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya je bakin titi da asuba ya kwaso samari, galibi ƴan cin rani da suka baro ƙauye bayan girbi. Ba a rubuta sunan kowa. Kowane hannu ya cire ribarsa, kuma abin da ake fara tsamewa shi ne hular kwano, takalmi, safar hannu da katako mai ƙwari. Ranar da wani ya faɗo, mai gini ya ce bai san shi ba, ɗan kwangila ya ce ba shi ya ɗauke shi ba, ƙaramin kuwa an neme shi an rasa. Mutum ya yi wata shida yana aza tubali, a wayi gari babu takarda guda da ta shaida ya taɓa taka wurin.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, naku laifin ya fi ciwo, don da kuɗin talaka ake aikin. Mai neman kwangilar gwamnati yakan kawo takardar shaida cewa ba ya da bashin Kes. Madalla. Amma su wa ke cikin rajistar? Akawu, direba da mai gadi. Mutum uku a takarda, mutum ɗari bisa gini. Wanda ya karɓi takardar ya san haka, injiniyan da ke zuwa duba aiki yana ganin mutane da silifa a kan rufi, ya auna kaurin ƙarfe ya sa hannu ya tafi. Sufeton ƙwadago kuwa, da doka ta ba ikon shiga wurin aiki ba tare da sanarwa ba, in ba shi da mota da mai, ikon nasa a aljihun tebur yake kwana.

Za a ce mana su leburorin ne ba su son hular, wai zafi, wasu ma in an ba su takalmi sai su kai kasuwa. Akwai gaskiya a ciki: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai wanda yunwa ta koro, wanda ya san in ya buɗe baki akwai goma a bakin ƙofa masu jiran gurbinsa, ba shi ke tsara dokar wurin aiki ba. Mai biya shi ke da ta cewa. Mai gidan da ke korar yaro don ya ɓarar da rabin buhun siminti yana iya hana shi hawa sama ba hula.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma ba za mu ƙyale su ba. USTN ce ta tsaya tsayin daka a 1990 har aka kai ga Taron Ƙasa na 1991. Ƴan sandika sun nuna suna iya tsai da ƙasa cak a kan albashin ma'aikatan gwamnati. Ran lebura bai cancanci ko yinin gargaɗi guda ba?

Abin da muke nema bai buƙatar sabuwar doka ko tallafin waje. Na farko, kada baitulmali ya biya ko dala a kan kwangilar gini sai an kawo sunayen duk waɗanda suka yi aikin da lambar kowa ta Kes. Na biyu, a ware kuɗin kayan kariya a fili cikin kowace kwangila, yadda ba za a cinye shi da sunan rangwame ba. Na uku, magajin gari kada ya ba da izinin gina bene sai an san wa zai amsa in rai ya salwanta, kuma mai ginin ya shiga cikin masu amsawa. Na huɗu, Ma'aikatar Ƙwadago da Kes su riƙa karanta wa jama'a a rediyo, jiha jiha, cikin harsunan ƙasa, adadin waɗanda suka mutu ko suka naƙasa a wuraren gini, kowace ran 28 ga watan Afrilu, ranar da duniya ta keɓe wa wannan batu tun 2003.

Alhaji, gidan da kake ginawa ƴaƴanka za su gada. Malam ma'aikaci, ajin da ka sa wa hannu ɗanka zai zauna ciki. Ku tambayi kanku ko akwai marayan da aka bari a gindin bangon. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu dai mun faɗa, kuma za mu ci gaba da faɗa.