Gyaran Daɓe Da Rufi A Tsofaffin Gidaje

Yanzu da damina ta ɗauke, iska ta soma juyawa, lokacin gyaran gida ya zo. Duk unguwar da mutum ya ratsa sai ya ga tulin yashi a ƙofar wani gida, ga buhunan siminti an jingine a zaure. Abin da ya sa mu ka ɗauki alƙalami shi ne, mun lura mutane da yawa, musamman ma'aikata da malaman makaranta, sun soma zage damtse suna yin gyaran da hannunsu saboda tsadar masu sana'a. Wannan abu ya faranta mana rai ƙwarai, amma kuma akwai sashen da ya ba mu tsoro.

Gidajen da mu ke nufi su ne waɗanda aka gina lokacin da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, da benayen ma'aikata masu hawa biyu ko uku. A da, in rufi ya yi yoyo, mazaunin gidan gwamnati takarda kawai zai rubuta wa ma'aikatar ayyuka, ya zauna jira. Tun daga 2003, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta mai da haƙƙin muhallin ma'aikata kuɗi, an sayar da gidaje da yawa ga mazaunansu. Ga gida ya haura shekara arba'in, ga shi ya zama naka, ba kuwa wanda za ka rubuta wa takarda.

To, game da daɓe, ba mu da abin cewa sai madalla. Ai gyaran ƙasan ɗaki da hannun masu gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata su ne gwanayen daɓe. In za a yi wa amarya ɗaki, sai a kira gayya, a zuba marmara da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Bayan nan a bi ta da ruwan makuba ko na bagaruwa, ta yi jawur, ta yi ƙarfi, a yi shekaru ana shara ba ta tashi ba. Ba a taɓa jin an biya su lada ba in ban da fura da goro. Abin mamaki, jikokinsu da su ka yi karatun boko su ne su ka ɗauka riƙe cebur ƙasƙanci ne. In tsadar rayuwa ta kawar da wannan girman kai, lalle ta yi mana aikin da makaranta ta kasa.

Aikin daɓen siminti ba shi da wani asiri, haƙuri ya ke so. Kafin kome, a bincika ko ƙasa tana jan danshi. A shimfiɗa leda kamar faɗin tabarmar salla, a manne gefenta, a bar ta kwana biyu. In aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta, to, ko wane irin tayil aka sa zai saki, sai an nemo inda ruwan ke fitowa, wanda sau da yawa tsohon bututu ne ya huje. In ƙasa busasshiya ce, a fasa inda ya yi kwararo, a share ƙura, a jiƙa, a kwaɓa awo ɗaya na siminti da uku ko huɗu na yashi mai tsabta. Wurin da mutane su ke faɗuwa shi ne bayan an gama. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa ne abincinsa. Sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Wanda ya yi daɓe cikin hunturu ya bar wa iska, zai share rabinsa da tsintsiya kafin bazara.

Akwai kuma wata ɓarna da mu ke gani, watau rufe tsohon daɓen terazo da tayil mai araha. Terazo, wannan daɓe na gutsattsarin duwatsu da a ke gogewa ya yi sulɓi, yakan rayu fiye da wanda ya zuba shi. Guga da wanki kaɗai ya ke bukata. Amma sai ka ga an binne shi don kawai maƙwabci ya sa tayil, ƙasa ta ƙara tudu, ƙofa ta ƙi rufuwa, ruwan makewayi ya juyo cikin ɗaki. Araha dai ba ta ado.

Duk kuskuren da aka yi a daɓe, iyakarsa hasarar kuɗi. Na rufi kuwa yana iya kai wa ga rai. Kakanninmu sun san wannan bambanci, shi ya sa su ka bar wa mata daɓe, amma ɗora azara sai magina, waɗanda su ke da sarkinsu da gadonsu. Magini ya san azarar giginya gara ba ta cinta, ya san tsawon da za ta ɗauki nauyin ƙasa ba ta lanƙwashe ba, ya san inda zai ɗaura bakan gizo in ɗaki ya yi faɗi. Duk wanda ya san labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya san rufi ilmi ne mai zaman kansa.

In mai gida ya ga tabo a silin, abin da ya fara zo masa a rai shi ne fenti. Alhali tabo saƙo ne daga sama, ko kwano ya huje, ko ƙusa ta saki, ko indararo ya toshe. Wanda ya sake silin bai toshe yoyo ba, damina mai zuwa za ta karɓe kuɗinsa. A gidan bene kuma, rufinka shi ne daɓen wanda ke samanka, don haka gyara ba ya yiwuwa sai da shawara tsakaninku. In kankaren rufi ya soma ɓarewa har rodi ya fito da tsatsa, kada a shafe shi da siminti a ce an gama. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura ya ke yi, yana tura kankaren daga ciki, wannan kuwa aikin injiniya ne.

Amma babban abin da ya tsorata mu shi ne fararen allunan silin nan masu murabba'i da su ka cika gidajen wancan zamani. Da yawansu siminti ne haɗe da wani ma'adini mai zare-zare da a ke kira asbestos. An so shi don ba ya cin wuta, gara ba ta taɓa shi, ga araha. Muddin allon yana nan lafiya, an shafe shi da fenti, ba wanda ya dame shi, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa zarto, ko aka huda shi don rataya fanka, ko aka farfashe shi da guduma, sai ya saki ƙurar da ido ba ya gani. Zaren nan in ya shiga huhu ba ya fita. Yana kawo ƙanƙancewar huhu da ciwon daji, cutar kuwa ba ta bayyana sai bayan shekara 20, ko 30, ko fiye. Watau mutum ya yi gyara yana da shekara 40, yaron da ya riƙe masa tsani shi ne zai kwanta ciwo sa'ad da ya ke tsakiyar ƙarfinsa, ba kuwa wanda zai tuna da ranar da aka sauke silin. Ingila ta haramta asbestos ɗungum a 1999, Tarayyar Turai ta bi baya a 2005. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba wani nau'insa da ba ya kawo ciwon daji. Mu kuwa a nan, har yanzu ana ganin gutsattsarinsa an cike ramin hanya da su, ko an yi wa kaji akurki, ko yara suna zane da su a ƙasa.

Saboda haka shawararmu ita ce, allon da bai fashe ba a bar shi, a shafe shi da fenti. Wanda ya zama dole a sauke, a fitar da iyali da kaya tukuna, a jiƙa shi sosai da ruwa, a zare ƙusa a sauke shi ɗungurungum, a naɗe shi cikin leda mai kauri. Kada a yi shara da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a yar da tsumman. Ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura, sai takunkumi na musamman mai matata. Jiƙawar nan tana da wani amfani kuma, gama saman silin matattarar ɓera ce, kashinsa da fitsarinsa kuwa su ne hanyar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a ƙasar Barno a 1969. Ba mu ma yi maganar tsofaffin wayoyin lantarki da ɓeran ya gaigaye ba, waɗanda ba a hawa kusa da su sai an kashe wuta daga tushe.

Wani zai ce, to, ai sai a kira kafinta a huta. Ina ma haka ne! Kafintocin da mu ke gani yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu wannan magana, da guduma su ke hawa, su sauko fari fat kamar masu niƙa, su tafi gida da rigar, matansu su kakkaɓe. Ke nan ko mai gida bai hau tsani ba, dole ya san abin da ke samansa, don ya tsaya a kan mai aikin ya nuna masa.

A nan ne mu ke ganin makarantu na da bashi a wuyansu. Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya zo da darasin koyon sana'a a ƙananan sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, da yawansu su ka ruɓe cikin akwatunansu. Abin da mu ke roƙo bai kai wannan tsada ba. Azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa irin wannan silin ne a kansu, wani ma ya fashe yana reto. Muna roƙon ma'aikatun ilmi da na lafiya na jihohi su sa a zaga a ƙidaya su kafin hutun da a ke gyare-gyare, su buga takarda guda da Hausa, da boko da ajami, wadda za a raba wa shugabannin makarantu da ƙungiyoyin kafintoci da masu sayar da kayan gini, a kuma karanta ta a rediyo. Ƙananan hukumomi kuma su keɓe rami nesa da gari inda za a riƙa binne allunan da aka sauke, gama a halin yanzu wanda ya bi shawararmu ya naɗe nasa cikin leda, bai san inda zai kai shi ba sai juji.