Ba Kowane Ƙaiƙayi Ne Na Sauro Ba

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Na gaskata haka a gidanmu da ke Ketaren Gwari a Minna, lokacin da ƙanena ya kwana uku yana susa. Na ruga kemis na ce a ba ni maganin ƙaiƙayi, aka miƙo mini wani man shafawa mai sanyi, irin wanda ake saya ba sai da takardar likita ba. In an shafa ya lafa, da dare ya dawo. Kafin wata ya zagayo, mu huɗu muke susa. A asibiti, tsakanin yatsunsa kawai aka duba aka ce ƙazuwa ce.

Man ba shi da laifi. Idan sauro ya ciji mutum, jiki kan saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi. Aikin man shi ne tare wa histamin hanya. Ita kuwa ƙazuwa, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata yana zuba ƙwai. Sai an kashe shi, an yi wa duk mutanen gida magani, an wanke tufafi da zannuwan gado.

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, kalma ɗaya na je da ita kemis. Ashe Bahaushe ya rarrabe: ga ƙazuwa, ga makero, ga ƙyasfi, ga ƙurajen zafi, kowanne da maganinsa. Amma takardar da ke cikin kwali da Turanci take magana. Wa zai gaya wa uwa kada ta shafa a kan gyambo ko ƙaranbau? Ko a Amurka, a 2010 hukumar magunguna ta yi gargaɗi domin wasu sun riƙa shan man Benadryl na shafawa, alhali da harshensu aka rubuta bayanin. Ina ga mu?

Don haka nake kira ga hukumar NAFDAC ta wajabta rubuta gargaɗin irin waɗannan magunguna da Hausa da sauran harsunanmu. Mu kuma 'yan'uwa ɗalibai, aikin fassarar namu ne. Mu fara da kwali ɗaya a darasin fassara.

Allah ya ba mu lafiya, amin.