Ƙugiyar Haruffanmu a Cikin Kwamfuta

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk abin da kwamfuta take riƙewa, ko suna ne ko lissafin albashi, jeri ne kawai na sifiri da ɗaya, kuma kowace ƙwaya a cikin jerin ana kiranta bit. Sa'ad da Amurkawa suka fito da ma'aunin ASCII cikin 1963, bit 7 suka ware wa kowane harafi, watau gurbi 128, ba su kuwa yi rabon da mu ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin Unicode na 1991 shi ya ba haruffan nan mazaunin da duniya ta yarda da shi. A tsarin UTF-8 da ya biyo baya cikin 1992, k tana cin bit 8, amma ƙ sai 16: 11000110 10011001.

Kada wani ya ce wannan zancen masana ne. Malamin gona a Gagarawa da zai aika wa manoma saƙon waya game da taki yana da harafi 160 a saƙo guda. Da zarar ya sa ƙ ɗaya tak, waya ta sauya ma'auni, saƙon ya koma 70, kuɗi ya ƙaru. To, sai ya yar da ƙugiya, ƙasa ta zama kasa, baƙi su zama baki. Ba mu ga laifinsa ba. Af, 'yan'uwanmu na ƙetaren Maigatari nasu nauyin ya fi namu, don a Nijar har ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y.

Abin da ya dame mu shi ne yawancinmu muna koyon danna manhaja ne, ba mu leƙa abin da ke ƙarƙashinta. Alhali kayan aikin suna nan kyauta. Akwai kundin bitstring na harshen Python, wanda da shi ɗalibi zai gina jerin bit, ya yanka, ya haɗa, ya ga da idonsa inda ƙugiya take salwanta idan an karanta rubutu da ma'aunin da ba nasa ba.

Saboda haka muna roƙon sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su sa wannan aiki cikin darussan shekarar farko, da rubutun Hausa, ba na Ingilishi kaɗai ba. Ma'aikatan da ke shigar da sunayen jama'a kuwa, kafin ofis ya karɓi sabuwar manhaja, a gwada ta da sunan Ɗanladi.